Faifan Bikin Mansura

Hannatu ta zaro kaset ɗin daga cikin mayafinta, ta ajiye a teburin Elias.

"Juye mini shi za ka yi a faifai. Yau nake so."

Elias ɗan Filato ne, ma'aikacin lafiya a Gumel, da safe ofis, da yamma shago. A ƙarshen 1999 shi kaɗai ne a garin yake da kwamfutar da ke kwashe hoton kaset ta ƙona shi a kan faifai.

Kaset ɗin na bikin 'yarta Mansura ne, ranar da aka kai amarya Gagarawa da la'asar. A ranar ce mota ta buge Malam Cindo, wani tsohon manomi, yana tsallaka titi a Gagarawa Tasha. Jeremiah, direban akori-kura mai jigilar gero daga Maigatari, shi ya tsaya ya ɗauki tsohon zuwa asibiti. A hanya ya cika. Da aka ga jini a rigar Jeremiah, sai aka ce ai shi ne. Tun ranar yake tsare. Matarsa Justina, wadda katanga ɗaya ta raba su da Hannatu, kullum sai ta kai masa abinci da goyo a bayanta.

Mai ɗaukar hoton bikin yana bayan motar kayan ɗaki a lokacin, kyamararsa na kallon baya. Bai ma lura ba. Hannatu ce ta lura, ran da mata suka cika ɗakinta suna kallo suna guɗa. Can a ƙarshen ayarin, wata jar mota ta kauce, tsoho ya yi sama, motar ta wuce abinta. Duk Gumel an san jar motar nan ta gidan Alhaji Barau ce, yayanta.

Kafin magariba labari ya kai masa. Ya aiko a karɓi kaset, ta hana. Washegari ta dawo daga unguwa ta tarar da kaset ɗin a cikin bidiyo, an kunna, ana ɗora wasan ƙwallo a kai. Kamun amarya gaba ɗaya ya shafe. Ta fizge wayar daga bango. Ba ta tambayi kowa komai ba. Tun daga nan kaset ɗin a jikinta yake kwana.

Elias ya kalli wurin da aka buge tsohon, ya mayar baya, ya tsayar da hoton a kan fuskar direban jar motar. Cocinsu ɗaya da Jeremiah, amma bai yi murna ba. Ya daɗe yana dubanta.

"Mama, faifai fa ba kaset ba ne. Abin da ya hau ya hau ke nan, ba a shafewa."

"Abin da ya kawo ni ke nan."

"Kin tabbata?"

"Ƙona, Elias. Ka kuma ajiye wani a wurinka, ko da za a fasa nawa."

A ƙofar gida ta tarar da Alhaji Barau. Ya ɗauko Iya, mahaifiyarsu, wadda rabonta da fita tun ƙafa ta kama ta.

"Hannatu, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar," in ji shi. "Jininmu ne. Saboda baƙo za ki tona mana asiri?"

"Baƙon ne ya tsaya, Yaya. Wancan wucewa ya yi."

"Idan kika kai, babu ni babu ke."

"Allah ya ba mu haƙuri."

Iya ta kama gefen mayafinta tana kuka. Hannatu ta durƙusa, ta ɓamɓare yatsun tsohuwar a hankali, ta nemi gafara, ta miƙe. Ranar ba a ɗora tukunya a gidanta ba.

Washegari da hantsi aka taru a falon Mai Unguwa Dogo, don shi ke da na'urar faifai, tsarabar Makka. 'Ya'yan Malam Cindo suka zo daga Gagarawa, fuska babu walwala. Ga jami'in 'yan sanda, ga Justina a rakuɓe a bakin ƙofa. Alhaji Barau ma ya zo, ya zauna yana jan carbi da ƙarfi.

Da hannunta ta sa faifan. Kalangu ya tashi, 'yan mata suna waƙar amarya, motoci na bin juna. Sai jar motar. Babban ɗan Malam Cindo ya yi salati ya rufe ido. Justina ta dafe kai ta fashe da kuka.

Aka tsayar da hoton. Gilashin motar a sauke yake, fuskar direban ta fito tar, ya waiwayo yana kallon abin da ya bari a kan titi.

Alhaji Barau ya tashi ya fita, ko takalmi bai tsaya sawa daidai ba.

Jami'in ya gyara zama ya dubi Hannatu.

"Hajiya, tunda ke kika kawo, sai ki faɗa mana sunansa da bakinki."

Ta kalli fuskar da ke allon, idonta a bushe.

"Ranka ya daɗe, inda yake zan kai ku da ƙafata. Amma suna, ku tambayi wani. Bakina bai taɓa kiransa ba, kuma ba yau zai fara ba. Ɗana ne na fari."