Hancin Uwa

Da zarton ya gama ratsa hancin mataccen ɗan aladen, likitar dabbobi ta miƙo wa mahaifinta guntun.

"Leƙa, Baba."

Ya leƙa. Inda ya kamata a ga siraran ƙasusuwa a nannaɗe, rami ne fayau kamar cikin gora.

"Ƙwayar cuta ce. Dafinta ke cinye ƙashi da guringuntsi tun suna shan nono, shi ya sa hancin ke karkacewa. Ka daina ɗaura musu gora a hanci, ba dashen mangwaro ba ne."

"To, sannu da boko," ya ce a gajiye. "Haihuwa uku ke nan. Na sayar da namijin, na shafe ɗakin da farar ƙasa, na kunna wa kakanni turare har na gaji. Ta ina take shigowa?"

"Ba shigowa take yi ba, Baba. Mai ɗauke da ita na nan cikin gida."

Ya bi idonta zuwa tsohuwar uwar aladun, wadda marigayiya matarsa ta raina da ruwan shinkafa. Tana bin jariran da ta haifa jiya ɗaya bayan ɗaya, tana shinshinar fuskokinsu da hancinta miƙaƙƙe sambal.