Kwana Casa'in

"Hajiya, kin makara," in ji magatakardan kotu, ko kai bai ɗago ba. "Kwana casa'in doka ta ba ki ki ɗaukaka ƙara. Ina kika shiga?"

"Ina takaba, ranka ya daɗe."

Wata huɗu da kwana goma ta yi a ɗaki tana kiyaye haƙƙin mijinta, ashe tuni an yanke hukunci, an mallaka wa wani mutum gidansu na unguwar Wambai. Ko sammaci ba ta gani ba.

"Ai maigidanki aka kai wa," ya ce, ya turo mata takarda. "Ga dangwalen yatsansa."

Ta ƙura wa kwanan watan da ke jikin takardar ido. A ranar ne aka yi wa mijin nata sadakar uku.