Wanne Ne Takalmin Baba Jatau?

Tun da aka kawo takalman nan iri ɗaya masu matse kansu daidai ƙafar mai sawa, Baba Jatau ya rasa natsuwa a ƙofar masallaci. A da nasa yakan cije shi a ƙaramin yatsa, da haka yake gane shi. Yau bayan La'asar ya gwada wannan, ya gwada wancan, kowanne ya rungume ƙafarsa kamar sun shekara tare.

"Liman, wanne ne nawa?"

"Wanda ya yi maka daidai mana, Baba."

"Ai duk sun yi. Daga idar da salla sai in tafi da kayan wani?"

Liman ya dubi na ƙafarsa. Baba Jatau ya kama hanyar gida ba takalmi, tsakuwa tana sukarsa, hankalinsa kwance.