Farar Ƙasa a Fuskar Lavinia

Ranar Talata, ashirin da bakwai ga Afrilu na 1869, da ƙarfe goma da kwata na safe, matan ƙungiyar ɗinki ta coci suka hau matakalar gidan Sanata Ezekiel Whitlock a Monrovia. Su tara ne. Saura mako guda cif a yi zaɓe.

Matarsa Araminta ta kwana uku tana shiri. An goge cokulan azurfa, an gasa burodin shinkafa da ayaba, an wanke labulaye. Ta sa rigarta mai wuya har haɓa, irin wadda ba ta rabuwa da ita komai zafi. Ta san ba ɗinki kaɗai ya kawo su ba. Mata ba sa jefa ƙuri'a, amma abin da suka gani da safe shi mazansu ke ji wajen cin abincin rana.

A gari ana misali da tarbiyyarta. An ce marainiya ce, iyayenta sun sauka daga jirgin Amurka zazzaɓi ya kwashe su, 'yan mishan suka rene ta. Ba ta son a tayar da zancen, mutane kuma sukan tausaya su yi shiru.

Abu ɗaya ta manta, kulle ɗakin yara. Autarta Lavinia kwana huɗu ke nan tana fama da zazzaɓi, kwinin ɗin likita bai tsinana komai ba.

Misis Drusilla Hargrove, matar dattijon coci, wadda ƙanenta ke neman kujerar Sanatan, ta miƙe.

"Bari in leƙa 'yar nan in yi mata addu'a."

Kafin Araminta ta ajiye butar shayi, har an tura ƙofa.

Yarinyar na kwance a tabarma, an shafe mata fuska da ƙirji da farar ƙasa. Kusa da ita Ma Jebbeh ce a zaune, tsohuwar mai wankin gidan, 'yar ƙabilar Vai, da ƙwaryar jiƙon ganye a cinya, tana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa.

"Ku zo ku gani, 'yan'uwa!" in ji Drusilla. "Ashe likita biyu ne a gidan Sanata, ɗaya na ƙofar gaba, ɗaya na bayan gida. 'Yar'uwa Araminta, ran Lahadi ita za ta yi mana wa'azi, ko sai an ci zaɓe?"

Wasu suka yi dariya a cikin mayafi. Araminta ta lura numfashin yarinyar ya daidaita, gumi ya karyo mata a wuya. Tsohuwar ta ɗago kai ta faɗi wata magana da yarenta, a hankali.

"Me take cewa?" Drusilla ta tambaya.

"Ina zan sani? Ni ba na jin yaren daji." Araminta ta faɗa, idonta na kan bango.

Babu wadda ta taɓa burodin. Da sha ɗaya falon ya zama fayau, da sha biyu Sanata ya shigo, labarin ya riga ya same shi a bakin ruwa. Bai cire hula ba.

"Shekara goma sha ɗaya ban tambaye ki dalilin da ya sa mai wanki ke cin irin abin da muke ci ba," in ji shi. "Yau ma ba zan tambaya ba. Amma ana cewa tsafi ake yi a gidana. Ta bar nan kafin ƙarfe biyu. Ta ƙofar gaba, kuma ke za ki kore ta, titi ya ji."

"Maigida, zazzaɓin ya sauka fa."

"Kujerar ma za ta sauka."

Ƙarfe biyu saura minti goma Araminta ta tsaya a baranda. Maƙwabta sun cika tagogi. Ta ɗaga murya yadda ba ta taɓa yi ba, ta kira tsohuwar arniya, ta ce ta ci amanar gidan Kirista, ta wurgo ƙunshin kayanta ƙasan matakala. Zannuwa biyu ne da taɓarya ƙarama.

Ma Jebbeh ta sauka a hankali saboda gwiwa. Ta ɗaure ƙunshin, ta aza a ka, sannan ta juyo da ɗan Turancinta.

"Misis, a ƙara shafa mata da yamma. Sau biyu ya rage."

Titi ya fashe da dariya. Ta bi gangare zuwa inda kwalekwale ke tashi, ba ta waiwaya ba.

Araminta ta wanke fuskar Lavinia da sabulu har sau uku, a gaban kuku don a sami mai ba da labari. Da yamma kuma ta kulle ƙofa, ta kwaɓa ragowar ƙasar da jiƙon ganyen daidai gwargwado, ba tare da wani ya nuna mata ba.

Lavinia ta warke. Sanata ya ci zaɓe da rinjayen ƙuri'a goma sha huɗu. Fasto ya yabi matar da ta share gidanta daga duhu, Drusilla ma ta riƙe hannunta a bakin coci. Araminta ba ta iya ɗaga kai ba, aka ce tawali'u ne.

A watan Agusta, cikin tsakiyar damina, wani mai kwalekwale ya tsaya a ƙofar baya ya ce tsohuwar ta mutu a ƙauyensu, an binne ta kwana shida da suka wuce. Akwai baƙi a falo. Araminta ta koma ta ci gaba da zuba musu shayi, ɗigo ɗaya bai zube a faranti ba.

Waɗanda suka rage a gidan bayan haka su ne: Sanata Whitlock, wanda bai sake ambaton zancen ba, babbar 'yarsa Cordelia, Lavinia, kuku Tobias, sai Araminta, wadda sunanta na farko Miatta, 'ya ɗaya tilo da Ma Jebbeh ta haifa, ta kai wa 'yan mishan tana shekara shida.