Kwana Biyar a Bogota

Hureira na yanka albasa da safe bidiyon ya shigo wayarta: tashar bas na ci da wuta a Bogota, 'yan sanda na harba barkonon tsohuwa, mutane na gudun tsira. Wuƙar ta suɓuce daga hannunta. Dogayen bas ɗin nan ne jajaye, waɗanda mijinta Ubaidullah ya ce su yake shiga kullum zuwa jami'ar da ake taron.

Ta kira shi, a kashe. Ta sake kira har sau tara.

Kwanansa biyar da tafiya. A cikin ɗaliban Arewa da ke karatu a ƙasar waje suna zaune a unguwar Sri Petaling, shi ne na farko da aka gayyata Kudancin Amurka ya gabatar da takarda, kuma wallahi ba a bar abin ya wuce shiru ba. An yi walima, an ci kaji, an sha addu'a. Hajiyarsa a Zariya kuwa, ko mai tallan gyaɗa ya shigo sai ya ji labarin.

Tun da ya tafi, saƙo bai yanke ba. Inda ake sayen katin shiga bas, yadda bas ɗin ke da titinsu su kaɗai, unguwannin da ba a fito da waya a hannu, ƙaramin jirgin igiya da ke hawa da mutum kan dutse ya hango garin kaf. Hotuna birjik, ko ɗaya babu fuskarsa, dama shi ba mutumin hoto ba ne. Kiran bidiyo kuma ya ce intanet ɗin otal ba ta ɗauka. Shekaranjiya suna waya ruwa ya ɓarke a Sri Petaling, sai ta ji shi yana zuba ta wajensa ma. "Ikon Allah, nan ma ruwan ake," in ji shi. Har dariya suka yi.

Ta lalubo lambar otal ɗin da ke jikin takardar gayyata. Wata mata ta ɗauka, ta sa ta harhaɗa sunan baƙi-baƙi sau biyu, sannan ta ce ba su da mai wannan suna.

Innalillahi! Tsoro ya rufe ta sosai. To ina yake kwana? Wa za ta tambaya a ƙasar da ko gaisuwarsu ba ta iya ba? Me za ta ce wa Hajiya?

Ta miƙa 'yarta Afnan ga maƙwabciyarta Bashira, ta zura hijabi, ta ɗauki fasfonta. A jirgin ƙasa na LRT ta kasa zama. Ta canza jirgi a tashar Masjid Jamek, ta sauka tashar KL Sentral, ta tsallaka unguwar Brickfields da sauri kamar ana binta, sai ofishin Kalilu, Bakanon da ya yankar wa mijinta tikiti.

Ta dire fasfon a gabansa. "Ka nema min jirgin Bogota. Yau."

Kalilu ya ga idanunta, ya sunkuyar da kai. "Maman Afnan, zauna mana, ki sha ruwa."

"Ba zan zauna ba! Ka ji wani abu ne? Don girman Allah, Abban Afnan na da rai?"

Ya share zufa. Sai da ya ga ta dafa tebur tana neman faɗuwa sannan ya yi magana.

"Ya rantsar da ni kada in faɗa, amma wannan ya fi ƙarfina. Jirgin ta wata ƙasa zai biya, kuma mai koren fasfo irin namu sai da bizar wucewa. Daga ni har shi ba wanda ya duba. Ya ce bayan irin rakiyar da aka yi masa, ba shi da idon kallon kowa."

"Ban gane ba. Yana ina?"

Kalilu ya nuna silin da yatsa.

"Daga filin jirgi aka juyo da shi, nan sama ya kama ɗaki. Tun da ya ga labarin gobarar ya kashe waya, yana zaune yana tunanin abin da zai ce miki ya gani da idonsa."