Tulun Safara'u

Barau ya danna ƙarfen juya layin dogo, zuciyarsa na tafasa. Ga ta can kuma! Matarsa Safara'u ce tsaye gindin kan jirgin Gusau, ita da tulu, tana dariya da mai zuba gawayi, wani dogo mai wushirya.

Tun faɗuwar damina ake haka. Da jirgin ya ratse ƙaramin layi yana jiran na Funtuwa ya wuce, sai ta ɓullo ta cikin dawa. Abokan aiki har sun fara gyaran murya in Barau ya gifta.

Yau kam ya ƙoshi. Ya tsallake layuka, ya ɗaga sandar tutarsa, ya rotsa tulun inda ta ajiye shi.

"Ni ban sha ruwan hannunki a bakin aiki ba, sai wannan ƙaton?"

Ruwa ya malale bisa duwatsu, yana tururi.

"Malam, ba kawo mashi nake ba, amsa nake," in ji Safara'u. "Ruwan zafin jirgi ne. Itacenmu duk ya jiƙe, da shi nake gasa wa Inna ƙafafu."

Mai gawayi ya leƙo. "Au, kai ne Malam Barau? Kullum cewa take kai ka aiko ta."

Sai ya tuna jiya. Inna, mahaifiyarsa, ta dafa kansa tana sa masa albarka saboda ruwan da yake aiko mata. Shi kuwa ya ce amin, bai ko tambayi wane ruwa ba.