Idon Harara

Ana tura gadon matarsa zuwa ɗakin tiyata, tsohon ya riƙe ƙarfen gadon gam.

"Baba, saki mana, likita na jira," in ji nas.

"'Yata, me ya sa kuka yi mata alama a saman idon dama?"

"Shi za a cire wa yana."

"Wannan? Ai da shi take hararata tun muna amarci. Ko ɗazu da na zauna mata kan mayafi, shi ta watso mini. Lafiyarsa lau."

Maganin da aka ba matar ya sa ta gyangyaɗi. Likita ya fito ya haska fitila: yanar tana idon hagu. Ashe da nas ta fuskance ta, nata hagun ta bi, ba na matar ba. Ta goge alamar tana ba da haƙuri.

Ranar da aka cire bandeji, tsohon ya matso. "Kina ganina?"

"Sarai. Da wannan yamutsattsiyar rigar ka shigo cikin mutane?"

Ta zabga masa harara, da ido biyu.

"Alhamdulillahi," ya ce, yana share ƙwalla.